Tafin Hannun Baba a Kan Soro

Gidanmu na Daura ba rufi ɗaya gare shi ba, kowane ɗaki da zamaninsa. Zaure da ɗakin Inna an yi musu kwano, ɗakin Baba kuwa soro ne na ƙasa da azara, yadda ya gaje shi. Duk bazara shi da kansa yake hawa ya yi yaɓe, ba ya yarda da magini. Zai fara aikawa maƙwabta a gaya wa mata za a hau bisa, sannan mu riƙa miƙa masa kwaɓin ƙasa yana faɗa wai mun cika ruwa. In ya gama sai ya danna tafin hannunsa a kusurwar gabas, ya sauko. Har yau ina kewar faɗan nan.

Shekarar da ya rasu, ya riga ya gama yaɓen. Inna ta shiga takaba a tsakiyar zafi, ɗaki kamar tanda, wutar lantarki kuma sai ta ga dama take leƙo unguwarmu. Na zo daga Katsina da farantan sola da batir, tare da ɗan ƙanwar Inna wanda ya koyo haɗin a Kano.

Da ya auna, sai ya ce kwanon Inna rabin farantan kawai zai ɗauka. Zaure kuma bishiyar bedi ta lulluɓe shi da inuwa. Saura soron Baba.

Inna ta ce, "Yaɓensa na ƙarshe ne. Hannunsa yana can, ba mai taka min shi."

Ni da ma ba ni da dogon haƙuri. Na ce mata damina na bakin ƙofa, ko mun taka ko ba mu taka ba ruwa zai shafe hannun. Ta zauna a bakin ƙofarta tana kallon farantan da muka jingina da bango, can ta tambayi ɗan ƙanwarta ko ruwa yana ratsa gilashin. Ya ce ko ɗigo ba ya wucewa.

"To ku ɗora su a kan hannun," in ji ta.

Aka aika maƙwabta kamar yadda Baba yake yi. Muka hau ba takalmi, muna takawa a kan tabarma. Ba mu kafa ƙusa ko ɗaya a soron ba, ƙafafun ƙarfe muka girka muka danne da bulo, farantan suka yi wa kusurwar gabas rumfa. Ɗan ƙanwar Inna ya sa na rufe su da barguna kafin ya taɓa waya, domin da rana ta haske su wuta ta zo, ba sai an kunna ba.

Ya kuma ƙi haɗa rufin biyu a layi ɗaya. Kwanon yamma yake kallo, na soron kuma mun fuskantar da su kudu, in aka haɗa su, wanda rana ta fara bari zai ja ɗayan baya. Kowanne ya yi masa wayarsa mai kauri da fis ɗinsa mai yanke wuta in ta yi yawa, sai a akwatin batir suka haɗu. Na so a miƙe wayar soron ta saman tsakar gida a huta. Muka kalli juna muka yi dariya, don mun san Inna, duk abin da aka miƙe a gidan nan kafin la'asar ta shanya zane a kai. A bututun roba muka zura wayar, muka bi da ita jikin katanga, muka kafa ƙarfe a ƙasa saboda tsawa. Ranar fanka ta juya a ɗakin Inna, amma ko sau ɗaya ba ta yi maganar fankar ba.

Ruwan fari ya sauka da ƙarfi. Washegari da safe na tarar Inna ta jingina tsani da kanta, ta riƙe min shi. Duk saman soron ya wanke ya yi sumul. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin faranti, ga yatsu biyar a bushe, har da ƙaramin da ya karkace tun yana saurayi. Na daɗe a wurin ina kuka.

Da na fara saukowa ta ɗaga kai. "Yana nan?"

"Yana nan, Inna."

Sai ta saki tsanin, ina tsakiyarsa, ta shige ɗaki.