Gwangwanayen Mushe Illa

Ku da kuka san Mushe Illa, malamin makarantar bokon nan, ku faɗi tsakaninku da Allah: wa ya taɓa ganinsa yana tafiya kansa sama? Kullum ido ƙasa. Baƙo sai ya ce kunya ce ko tsoron Allah. Ina! Marfin kwalba yake nema. Gwangwanin tumatir, na sardin, tsohon cokali, tsinkakken silifa, duk abin da Madarunfa ta zubar sai ya duƙa ya ɗauka ya hure. Rigarsa ta Juma'a ma kacau-kacau take yi cikin sahu. Ɗan kawuna ne, abokin wasana, saboda haka ina da izinin tona shi ko yana kabari. Ni Sarkin Juji nake ce mishi, shi kuma ya ce mini Ta-ɗaka, wai ko gobara ba ta fidda ni gida.

Wata rana dai an fiddo ni, muka je suna a garin Ɗan Issa. Kowa ya komo da goro da cincin, shi ya komo da buhu. A hanya duwan, mai binciken kaya, ya tsai da mota.

"Mi ke cikin buhun nan?"

"Kayan lakwal ne."

Aka kwance. Gwangwanaye suka zubo kan kwalta, har da mai sauran mai. Duwan ya dube shi, ya dube ni, ya matso ya rage murya: "Hajiya, kun fara nema mishi magani kuwa?"

Na ce, "Mun gaji, ranka ya daɗe."

Har muka iso gida Mushe bai yi mini magana ba. Na ɗauka maganata ce ta ɓata mishi rai. Ashe gwangwani ɗaya ne ya lotse.

Kuma fa ba ƙarya ya yi ba, kayan lakwal ne, wato makarantar da yake koyarwa. Shi ke riƙe da ɗan kilas ɗin nan na ƙarshen lakwal, na yaran da ba su gani. Kowane yaro da gwangwaninsa na ajiya, kowane gwangwani da alamar da hannu zai gane: wannan ƙwallon goruba, wancan wutsiyar cokali. Marafan kwalba kuwa da su yake koya musu rubutunsu mai ɗigo-ɗigo, yana jera su cikin kwalin ƙwai. Abin yanka yana sama, abin yadi yana dama bayan ƙofa, mai ƙanshi gefen taga. Ka gusa abu ko da faɗin yatsa ne, sai ka ji tsawa: "Maida shi gidansa!" Ko tsintsiya tana da gida. Tabaraunsa kaɗai ne marar gida. Kullum yana laluben aljihu yana faɗa, sai yaran su ce, "Mushe, mun ji ka aje shi kan taga." Mai ido biyu, makafi ke nemo mishi abin gani!

Kun tuna lokacin da wasu baƙi suka ba kilas ɗin kyautar almuwar, kabad ɗin nan mai aljihuna, sabuwa dal, tana walƙiya? Diraktan lakwal har turare ya sa ran da za a karɓe ta. Mushe ya shafa aljihunanta ɗaya bayan ɗaya, ya taɓe baki.

"Duk fuskarsu ɗaya. Yaro zai gane nasa ta ƙaƙa?"

Baƙin ba su kai bakin tabkin garin nan ba ya ɗauko guduma. Wannan aljihu ya buga mishi marfin lemu, wancan igiyar silifa, wancan kan buroshi. Dirakta ya shigo, ya dafe kai.

"Mushe Illa! Sabuwa ce fa!"

"Shi ya sa ba ta san aiki ba. Yanzu ta koya."

Ni dai abin da ya haɗa ni da kilas ɗin nan ɗiyata ce, Balki. Tun tana rarrafe ƙyanda ta tafi da idanunta. Na shimfiɗa mata tabarma kusa da ni, a nan ta girma. Ruwa in ba ta, bayan gida in kai ta. Abin da ke hana ni cin tuwo da daɗi ɗaya ne: ran da na mutu, wa zai riƙe mata hannu? Sai ga Sarkin Juji da sassafe.

"Ta-ɗaka, na zo ɗaukar yarinyar nan."

"Ka kai ta cikin gwangwanayenka ta faɗi?"

"Ta faɗi mana. Ƙasa ce, ba rijiya ba. Ke kin zauna ɗaka da idonki biyu, za ki zaunar da ita ita ma?"

Na zage shi tas, ya tsaya ya gama ji, ya kama hannunta suka fita. Bai tsaya nan ba, ya komo ya yi wa gidana hukuncin kilas. Turmi ga gidansa, buta ga gidanta, turken akuya ya canza mishi wuri. Maigidana, Malam Sani, ya saba yar da takalmansa tsakar gida. Mushe ya yi gargaɗi, ya sake yi. Rannan sai ga Malam zai tafi masallaci yana neman takalma.

"Suna kan rumbu," in ji Mushe. "Tun da ba su da gida, na sama musu."

Malam ya tafi da silifana, ja mai fure. Daga ranar takalmansa suka san bakin ƙofa. Balki kuwa ta faɗi, ta fasa gwiwa, na yi kuka, ita ba ta yi ba. Duk da haka in muka fita tare sai in cafke hannunta. Mushe ya hango mu ya ce, "Sake ta, ba akuya ba ce." In sake, in ya ba da baya in sake kamawa. Har ta zama budurwa haka muke.

Ran da Mushe ya rasu da safe, gida ya cika. Maza na zaure suna jiran likkafani. Kowa ya san ya daɗe da sayen abinsa ya aje, don ya sha yi mana gori da shi. To ina yake? Matarsa, Yaya Rakiya, ta ce ita tun da aka kawo ta bai taɓa bari ta gusa ko allura cikin ɗakin nan nasa ba. Muka leƙa. Gwangwanaye da kwalaye har rufi, ko ɗaya babu rubutu. Mata suka fara buɗe-buɗe, wannan ta ci karo da ƙusoshi, waccan da ƙwallon goruba. Daga zaure ana ta aiko cewa rana tana yi. Ni kuma ina riƙe da hannun Balki gam, ina cewa a raina shi ke nan, mai tsawar ya tafi, mun koma tabarma.

Sai ta ce, "Inna, sake ni."

Na sake. Ta shiga, ta shafa bayan ƙofa ta dama, ta jawo kwali: likkafani. Ta miƙa hannu sama: gwangwanin allura da almakashi. Ta bi bango zuwa taga: turare. Ko tuntuɓe ba ta yi ba, mu masu ido muna tsaye baki buɗe. Ashe ɗakin nasa ma kilas ne.

Yaya Rakiya ta zare allurar, ta dire gwangwanin nan ƙasa tsakar ɗaki. Balki ta ji ƙararsa, ta juyo.

"Iya, maida shi gidansa."

Wallahi har da muryar! Muka fashe da dariya a gidan mutuwa, dariyar ta juye kuka. Da yamma Balki ce ta shige gaba har gida, ina biye da hannuwana cikin mayafi.

Tabarau dai har yau ba a gan shi ba.

Allah ya jiƙanka, Sarkin Juji. Kai da ka sama wa kowane yasasshen abu gida, Allah ya ba ka naka a Aljanna, mai faɗi, inda ba mai gusa maka komi. Ya haskaka kabarinka yadda ba za ka nemi tabarau ba. Amin.