Daren da Na Saɓa Mawaƙi Na Fitar da Shi Waje

Shekara biyu na yi a ƙofar wani kanti a unguwar Mu'aither, can ƙasar Larabawa, ina raba mutane. Lokacin korona ne. Aikina duba waya, auna zafin goshi, da tsawata wa duk mutum biyun da kafaɗunsu suka kusa haɗuwa. Abin ya bi jikina, har a masallaci sai in ga kamar sahu ya yi matsi.

Da gasar kofin duniya ta zo, kamfaninmu na gadi ya tura ni ɗakin rawa na wani otal. Shugabanmu, mutum mai gajeren haƙuri, ya faɗa mana ƙarara: bayan gasa za a rage ma'aikata, kuma duk wanda aka kai ƙararsa, ko sau ɗaya ne, shi zai fara tafiya.

Wani dare an tara sababbin ƙungiyoyin kiɗan rok, kowacce waƙa uku. Ni dai ban ji kiɗa ba, dukan ƙarfe na ji da ihu. Tun daga warin wurin na tsane shi. Aka kuma tsayar da ni gindin lasifika.

Ƙungiya ta uku na hawa, samarin da ke gaba suka fara bangazar juna. Ban gama gane wa ya tsokani wa ba, sai wani siriri mai gashi har wuya ya daka tsalle daga dandamali ya faɗo kansu, suka ɗaga shi sama. Wa zai ce min wasa ne? Na kutsa, na fizgo shi ta ƙugu, na saɓa shi kamar buhun gero, ban dire shi ba sai bakin titi. Yana ta kumfar baki da Turanci wai shi ne mawaƙin. Na ce ya nuna min zaren shiga da ake ɗaura wa kowa a hannu. Ashe makaɗa ba a ba su. Na tare ƙofa.

Kafin shugabanmu ya iso, lokacinsu ya ƙare, wasu sun hau.

"Khalas, shi ke nan," ya ce min. "Kawo katinka na aiki."

Har yau haushin bai sake ni ba. Babu wanda ya taɓa gaya min akwai kiɗan da ake jin daɗinsa da bangaza.

Bayan gasar na je kasuwar Asian Town sayen akwatin komawa gida. Mai jiran shagon ya juyo, sanye da rigar ma'aikata, gashin a ɗaure da roba. Shi ne. Ban gaishe shi ba, shi ma bai gaishe ni ba. Ya sauko da akwatin da na nuna, ya dire min shi a kan yatsun ƙafa.

"Wata takwas muna gwaji, kowace Juma'a," ya ce. "Rabin waƙa muka yi."

Ni jimillar shekara uku na yi a tsaye ina gadi, amma ban faɗa masa ba. Na biya, na ja akwatina.