Katung Mai Koyar da Bugu

A unguwarmu ta Bowie, a jihar Maryland ta Amurka, ba wanda ke kiran Katung da sunansa sai matarsa Pauline. Kowa Koci yake ce masa, har da Alhaji Sanusi, injiniyan da ke maƙwabtaka da su, wanda ya girme shi da shekara goma sha biyar.

Katung mutumin Kafanchan ne. Golan ƙungiyar makarantarsu ne a can gida, kuma tsaron gidan ne ya samo masa gurbin karatu a wata ƙaramar jami'a a Maryland. Wata rana da yamma yana bugo ƙwallo daga raga, sai kocin ƙwallon Amurka, wadda ake ɗauka a hannu ana ture juna, ya tsaya yana kallonsa. Ya miƙo masa irin tasu ƙwallon mai kama da gwanda, ya nuna masa wasu dogayen ƙarafa biyu a ƙarshen fili, ya ce ya buga ta wuce tsakaninsu. Sau biyar ya buga, huɗu suka shiga.

Shekara uku ya yi yana buga wa jami'ar, sannan gwiwarsa ta dama ta lalace. Da likita ya ce ya haƙura da wasa, bai bar filin ba. Ya koma koya wa masu bugu inda za su dasa ƙafa, da yadda za su karanta iska. A 2008 wata babbar ƙungiya ta ƙwararru ta ɗauke shi mataimakin koci. Ranar Pauline ta dafa tuwon acca, ta kira duk 'yan gida da ke kusa.

Alhaji Sanusi ya ce, “To Koci, ni fa har yau ban gane wasan nan naku ba. Dambe ne ko kokawa?”

“Alhaji, ni nawa mutanen ba sa dambe. Sau uku ko huɗu suke shiga fili, su buga su fito. Amma idan suka kuskure, duk gari ya san sunansu.”

Aikin ya cinye shi. Daga Yuli zuwa Janairu 'yarsa Irene ba ta cika ganinsa ba sai a talabijin, yana tsaye a gefen fili da takarda a hannu. Bai taɓa yin suna ba. Cikin mataimaka kusan ashirin, shi ne wanda 'yan jarida ba sa nema.

A wasan ƙarshe na kakar 2012, saura daƙiƙa huɗu a tashi, ana binsu maki biyu, aka tura wani sabon ɗan wasa mai suna Derek ya buga. Bugun maki uku ne, da ta shiga da sun ci. Ƙwallon ta bugi ƙarfen hagu ta dawo. Bayan wasa 'yan jarida suka yi wa Derek zobe, yana zaune ya kifa kai. Katung ya ratsa su ya tsaya a gabansa.

Ya ce, “Ni na ce masa iska na kaɗawa dama, ya karkata hagu. Abin da na faɗa masa ya yi. Ku tambaye ni.”

Gaskiya ce kuwa, haka ya faɗa masa. Amma ba kowane koci ne zai furta ba.

Ranar Litinin da safe aka sallami babban koci tare da duk mataimakansa. Katung ya kwashe kayansa a kwali ɗaya ya dawo gida kafin azahar. Bayan wata biyu wata jami'a a Texas ta neme shi. Pauline, wadda ta shekara goma sha ɗaya tana aikin jinya a asibiti ɗaya, ta zaunar da shi a kicin.

“Katung, idan za ka tafi ba zan hana ka ba. Amma ni da Irene muna nan. Yarinyar nan shekararta goma sha uku, ba ta san ka ba.”

Bayan kwana uku ya buga waya Texas ya ba su haƙuri.

Wannan shekarar ta yi masa nauyi. Ya rame, ya daina kunna talabijin ranar Lahadi, ranar da ake nuna wasannin. Alhaji Sanusi ne ya riƙa fito da shi tattaki bayan la'asar, suna zagaya unguwa. Shi ne kuma ya ji cewa wata makarantar sakandare a yankin tana neman malamin motsa jiki da zai riƙe ƙungiyar ƙwallonta.

Katung ya karɓa. Filin duk ramuka ne, shi da kansa yake zana layuka da farin fenti. Shekarar farko wasa biyu suka ci cikin goma, ta uku suka ci bakwai. Ƙarfe shida yake dawowa gida, ya ci abinci da iyalinsa, ya kai Irene koyon tuƙi a filin ajiye motoci na cocinsu. Ta ce ya fi kowa tsoro a mota, da ta taka mai kaɗan sai ya riƙe ƙofa da hannu biyu.

A 2019 yana nan a makarantar, ciwon gwiwar ya ƙara tsananta, sai da sanda yake tsayawa a gefen fili.