Tsohuwar Garkar Albasa a Madawa

Shekara huɗu na yi ina karanta sanarwa a ƙaramin gidan rediyonmu na Buza: ɗaurin aure, rasuwa, akuyar da ta ɓata. Wata rana bayan girbin hatsi, shugabanmu ya miƙo mini takarda, ya ce ana kiran mata ƴan jarida formasiyo, wato horo, a Madawa, kwana uku.

Mai koyar da mu wata dattijuwa ce daga Yamai, muryarta ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri. A rana ta biyu ta raba mu biyu-biyu, ta ba mu mikoro, ta ce, "Ku tahi garka. Tambaya guda na yarda ku yi, daga nan ku kama bakinku."

Aka haɗa ni da wata doguwa daga rediyon Ibohaman. Muka gangara kwari, ruwa na silalewa daga fangali zuwa fangali. Can muka iske wata tsohuwa tana dashen albasa. Na durƙusa na gaishe ta.

"Inna, wa ya koya miki dashe?"

"Kakata," in ji ta, ta ci gaba da aikinta.

Bakina ya yi ta ƙaiƙayi. Na buɗe shi zan ƙara tambaya, abokiyar tafiyata ta matse mini hannu. Muka yi tsit. Cikin abin saurare da ke kunnena na fara jin ruwa yana shiga ƙasa, da kukan kurciya daga nesa, da numfashin tsohuwar. Har yau ban san tsawon zaman da muka yi ba.

Sai ta soma magana, ba ta ko dube mu ba. Ta ce kakarta kan aza ta bisa jaki su sauko kwarin nan, lokacin da itatuwa ba su barin rana ta taɓa mutum. Ta rera wata ƴar waƙar ban ruwa, ta tsaya tsakiya.

"Ɗiyata, tun rasuwarta waƙar ga ba ta zo mini ba sai yau."

Bayan azahar aka kunna muryar tsohuwar da muka ɗauko a ɗakin taro. Fanka na juyawa a hankali, mata sun lumshe ido, ni kuwa ji nake kamar ɗakin ya tashi da mu ya sauka cikin kwari. Da ta ƙare, mai koyarwar ta ce mini, "In za ki gyara, kada ki yanke shirun nan."

Da na koma Buza na roƙi rubu'in awa a rediyo ranar Alhamis don in riƙa zagaya mata ina ɗauko muryoyinsu. Shugabanmu ya ce matan ƙauye ba su magana gaban mikoro, amma ya ba ni minti goma. Satin nan na hau bayan babur zuwa Tama, inda wata mai ginin tukwane ta riƙe ni da hira har la'asar.