Inda Awarwaron Inna Ya Tafi

Da Baba ya yi ritaya daga aikin gwamnati, mun ɗauka gonarsa ta Utai za ta ishe shi. Ashe babban likita Allah ya ɓoye mana a gida shekara da shekaru ba mu sani ba. Wayar da ƙanina ya saya masa ce ta tono shi. A cikinta ya ga wani Bature mai gemu yana haɗa ruwan azurfa, wai maganin komai ne, daga mura har cutar da ta gagari asibiti. Baba, wanda ko shayi bai taɓa dafa wa kansa ba, ya ce shi ma zai haɗa.

Kayan aikin ba su da yawa: batir, wayar wuta, kofin gilashi, sai azurfa. To, duk gidanmu na Sabon Gari azurfa ɗaya ce, awarwaron Inna da ta gada wurin mahaifiyarta. Ba ta da hoton tsohuwar, ba ta da ko zanenta ɗaya, shi kaɗai ya rage mata. Baba ya ce aro zai yi, ai tsomawa kawai za a yi a ruwa a fitar, ba abin da zai same shi. Inna ta tuɓe ta miƙa masa, don a gidanmu idan Malam ya ce aro, ba a tambayar ranar mayarwa.

Ya ɗaura waya ɗaya a awarwaron, ɗaya a cokali, ya tsoma su a ruwan rijiya. Ruwa ya yi fari kamar an wanke shinkafa. Nan muka sha lacca, wai gishirin da ke cikin ruwan rijiya ne ya kama azurfar ya ɓata ta. Sai ya koma sayen ruwan batir wurin bakanikai na bakin tasha, tataccen ruwan nan mara gishiri da ake ɗura wa batirin mota. Wannan ya fito rawaya-rawaya, Baba ya ɗaga kofin yana murmushi kamar an yi masa haihuwa.

Ajiyar kuwa ita ce ta hana mu sakat. Dokar farko, rana ba ta ganin ruwan azurfa, domin haske yana baƙanta shi. Dole sai kwalba mai duhu, don haka duk wanda ya zo gaisuwa sai an tilasta masa shan lemon malt don a samu kwalbar. A naɗe ta a baƙar leda, a saka cikin tsohuwar randar Inna, a rufe da faifai, a ɗora bargo. Tagar ɗakin ma an toshe ta da kwali. Ni da aka haifa a gidan ban taɓa samun irin wannan gata ba. Safe da yamma Baba yana shan kofi guda, sannan ya hau babur zuwa gona, ya wuni cikin rana ko malafa babu.

Duk zuwan da na yi daga gidana sai na leƙa awarwaron. Da farko zanen jikinsa ne ya shafe, daga baya ya fara ramewa. Na gaya wa Baba, ya ce ni da na karanta tarihi me ya haɗa ni da kimiyya. Inna sau ɗaya ta tambaya, ya ce sai an gama wannan zagayen. Daga nan na sha ganinta tana shafa wuyan hannunta.

Bayan an jima sai faratansa suka sauya launi, sannan fuska da wuya da bayan hannu suka yi toka-toka, kamar wanda ya kwana a murhu. Maƙwabta suka fara yi masa ya jiki. Baba ya ce dafi ne ke fita, alamar magani yana aiki ke nan. Da ƙyar ƙanina ya ja shi asibiti a Kano. Likita ya ce azurfar ce ta taru a fatarsa, rana kuma ta baƙanta ta, kuma ba ta fita, da ita zai ƙare rayuwarsa. Wato dokar da ya yi ta karanta mana ce dai, shi kaɗai ne bai shiga randa ba.

Da suka dawo ya kwance wayoyin, ya miƙa wa Inna kayanta. Awarwaron ya zama siriri kamar tsinken tsintsiya. Tana ƙoƙarin zura hannu ya karye biyu. Wallahi raina ya ɓaci, har hawaye na yi. Na buɗe baki zan yi wa Baba maganar da ɗiya ba ta yi wa uba, Inna ta riƙe hannuna.

“Ƙyale shi,” ta ce. “Ai bai ɓata ba. Kullum idan na kai wa Malam koko da safe, ina ganin awarwaron uwata a fuskarsa.”

Baba yana zaune a kan tabarma, ya ji. Ya sunkuyar da kai yana kallon bayan hannunsa.