Zagayen Duniya Daga Ɗakin Wake

Inugu zuwa Fatakwal

Ana idar da sallar asuba na tashi daga Inugu, gari bai gama wayewa ba. Jirgina tsoho ne mai farfela biyu, irin wanda aka yi yayi tun kafin a haifi mahaifina. Ba ya tuƙa kansa. Kana sakin sitiyari zai sunkuyar da kai kamar jakin da ya gaji. Filin jirgin kuwa ɗakin da nake ajiye buhunan wake ne a gidana na unguwar Asata. Kwamfuta ce a kan tebur, da sitiyari, da abin ɗaurawa a kunne. Ƙanin matata mai aikin mai a Fatakwal ne ya bar min su, tare da manhajar koyon tuƙin jirgi wadda aka zuba duniya kaf a cikinta, har da iska da hadari.

Baki shi ke yanka wuya. A teburin mai shayi na unguwar Ogui na cika baki cewa da wannan tsohon jirgi zan zagaye duniya, kuma in na tashi ba zan danna wurin tsayarwa ba sai na sauka, in ba don sallah ba. Ɗanlami, maƙwabcin rumfata a Kasuwar Artisan, ya ce ko Awka ba zan kai ba. Aka kafa shaidu.

Rabi, matata, ta tare ni a ƙofar ɗakin. “Baban Hafsa, ka manta Inna ta ce cikin watan nan za ta zo sallama?”

Ban manta ba. Mahaifiyata ta zo Anaca tana amarya, bayan yaƙin basasa, lokacin da mutanenmu suke dawowa kudu, kuɗin mai yana yawo a gari. Can ta haife mu, can ta binne mahaifinmu, can ta tsufa tana sayar da busasshen kifi. Yanzu ta ce ta gaji, za ta koma gida Haɗeja gaba ɗaya, amma sai ta zo ta sa mana albarka. Rana ce kawai ba ta faɗa ba.

Na ce, “Kafin ta zo na dawo. Ni dai na tafi, sai Allah ya yi mana dawowa.”

“Da gaske sallama kake yi mini?”

“Da gaske mana.”

“To, Allah ya kiyaye hanya.” Ta faɗa a hankali, ta ja min ƙofa. Da ina da wayo, da wannan sanyin murya ya ba ni tsoro.

A Fatakwal na sauka da tsalle uku kamar kwaɗo, amma dai na sauka. Na fito ina hura hanci na ce ina koko? Rabi ko kallona ba ta yi ba. Ta leƙa ta katanga ta ce wa maƙwabciyarmu, “Mama Nkechi, yau tukunyata ƙarama ce, maigida ya yi tafiya.”

Na ce, “Ga ni fa tsaye.”

Ta ce wa bokitin da take wankewa, “Ikon Allah, har ina jin kamar muryarsa.”

Hartum, Jidda, Karaci

Na ɗauka wasan yini ɗaya ne. Ashe an kafa doka: matafiyi ba a dafa masa, ba a yi masa wanki, ba a shawara da shi. Kullum da safe in tuƙa zango ɗaya, in tafi kasuwa, in dawo in tarar ba na gari.

Saboda haka abincin ƙasashen duniya duk na ɗanɗana shi. A Hartum shayi da burodi na ci a Ogui. A Jidda ma shayi da burodi, sai dai an ƙara ƙwai. A Karaci Mama Nkechi ta tausaya min ta miƙo okpa ta katanga, wato alalen gurjiya na mutanen nan, tana cewa, “Oga pilot, chop, make breeze no carry you,” wai in ci kada iska ta kwashe ni. Masauki kuwa a ko'ina iri ɗaya ne, kujerar falo, don ɗakin kwana an ce ba a buɗe wa wanda ba ya nan.

Labari ya bazu a unguwa. In na shiga masallaci sai dattawa su ce, “Malam Sabi'u, ya hanya? Ya mutanen can?” Na yi ƙarfin hali na tambayi liman ko ƙasaru ta kama ni. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Wanda ke jin kukan akuyar gidansa bai yi tafiya ba. Cika sallarka.” Na koma gida da fatawa a hannu ina murna, na ce wa Rabi liman ya ce ina gari. Ta ce wa Hafsa, 'yarmu, “In babanki ya bugo waya, ki ce masa liman ba shi ke riƙe da muciya ba.”

A sararin Bahar Maliya aka ɗauke wuta. Na yi tsalle na ja janareta, kafin kwamfuta ta farfaɗo jirgi ya koma Hartum. Ɗanlami ya ce faɗuwa ce, ni na ce ƙaddara ce, mai shayi ya raba gardama ya ce in sake tashi.

Kalkata zuwa tsakiyar teku

Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Wannan jirgi tafiyar hawainiya yake yi. Na ratsa damina a Kalkata ban jiƙe ba, na kusa goge wani dutse a hanyar Bankok, na ɓata a kan Manila har mai ya kusa ƙarewa. Wata yana ta ja, ni ma ina ta ja. Duk yamma in tambayi Hafsa, “Kakarki ta aiko?” Ta ce a'a. Sai in yi ajiyar zuciya in ce saura kaɗan.

Gaskiya zuciyata ba ta kwance. Amma duk wanda ya taɓa ganin fitowar rana a saman gajimare, ko da a kwamfuta ne, ga inji biyu suna gurnani a kunnensa, zai gane abin da ya riƙe ni. Ni da aka haifa a bakin kasuwa, na girma ina auna wake, ban taɓa shiga jirgi ba, ga ni ina magana da hasumiyar Tokiyo.

Zangon da ya fi tsawo

Daga tsibiran Hawayi zuwa Amurka ruwa ne zalla, ba wurin sauka. Na kasa zangon gida biyu da dabarar sallah, na bar rumfa a hannun Ɗanlami. Da hantsi ya ɗaga, gaɓar Amurka ta fara bayyana, ga hazo ya rufe filin, ga injin hagu yana tari. A daidai nan na ji sallama a tsakar gida. Ko da abin kunne, ba zan kasa gane muryar da ta yi mini tawai ba.

Na ce a raina, bari in sauka tukuna, ai yanzun nan ne. Na gangaro, ban ga titin jirgi ba, na sake hawa. Na zagayo, iska ta ture ni, na sake hawa. Ina jin su sama-sama: an kawo ruwa, an kawo abinci, Hafsa tana dariya.

Sai na ji Inna ta ce, “Ina Auta?” Sunan da take kirana da shi ke nan.

Rabi ta ce, “Inna, ya yi tafiya.” Wannan karon babu tsokana a muryarta, kunya ce.

Ga takalmina a bakin ƙofa, ga gurnanin jirgi yana fitowa ta taga. Sai Inna ta ce, “To. Allah ya sauke shi lafiya.”

A zagaye na huɗu na sa tayoyi a ƙasa lumui, saukar da ban taɓa yin mai kyanta ba. Na yar da abin kunne na fito a guje. Tabarma ce kawai da kwano a rufe.

Rabi ta dube ni ido cikin ido, karo na farko tun Fatakwal. “Ta jira ka har ta gaji. Motar arewa kafin magariba take tashi daga Anaca, kayanta suna ciki tun jiya.”

Inugu zuwa Anaca

Okada na hau zuwa tasha. Kwandasta yana ihu, “Onitsha, one chance! Aboki, enter!” Wai motar Anaca ce, saura mutum ɗaya. Na shiga na tarar saura mutum biyar. Na zauna tsakanin buhun garin kwaki da wata mata mai kaji. Nan na tuna tafiya tana da wari, tana da zafi, tana kuma da gwiwar maƙwabci a haƙarƙarinka.

Ramukan hanya sun fi iskar Manila jijjiga. A wani shinge kusa da Awka jami'i ya leƙo ya ce, “Mallam, from where?” Saura ƙiris in ce Amurka. Na roƙi direba ya taka, ya ce, “Na motor be this, no be aeroplane.” Ban taɓa jin maganar da ta yi mini ciwo kamar wannan ba. Rana tana gangarawa, ni ina ta salati, tsoro ya cika ni kada tsohuwar nan ta tafi da fushina a ranta.

Na isa tashar 'yan arewa doguwar mota ta riga ta tayar da inji. Na bi tagogi ɗaya bayan ɗaya har na gan ta, da carbi a hannu. Na durƙusa a ƙasa cikin taɓo.

“Inna, barka da yamma.”

“A'a, matafiya! Sannu da zuwa. An sauka lafiya?”

“Lafiya lau, Inna. Ki yi min aikin gafara.”

“Tashi, kada ka ɓata wando, ba mai wanke maka.” Fasinjoji suka tuntsire da dariya. Ta miƙo hannu ta taga ta dafa kaina, ta sa min albarka, ni da Rabi da Hafsa, har da wake. Sannan ta ce, “Auta, an ce duk duniya tana cikin akwatin nan naka. Haɗeja tana ciki?”

“Tana ciki, Inna, har kogin.”

“To, kada in ji ka zo min ta ciki. In ka tashi zuwa, ka shigo mota.”

Mota ta ja. Na tsaya ina share ido da hula, ban damu da masu kallo ba.

Gida

A ɗakin Inna na Anaca na kwana, babu komai sai ƙusoshi a bango da ƙamshin kifi. Da safe na koma Inugu, na yi sallama daga ƙofar gida kamar kowane baƙo. Rabi ta amsa, ta ɗora ruwan wanka, ta ɗauko babbar tukunya.

Ragowar duniya a hankali na ƙarasa ta, ƙofar ɗaki a buɗe, Hafsa a kan buhun wake tana ba ni umarni. Na ƙetare Amurka, na tsallaka teku, na biyo ta Maroko da Agadas. Ɗanlami ya sallama, ya saya min shayi mai kauri. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Mama Nkechi da okpanta.

A zangon ƙarshe, da na shigo ƙasarmu ta arewa, na hango kogin Haɗeja yana ƙyalli ta tagar hagu. Hafsa ta ce, “Baba, mu leƙa Kaka!” Na karkata jirgi dama, na ce mata ba ta nan ake zuwa ba.