Lokacin Isowa a Tikitin Kawu

Jama'a, wannan abu ni ya faru da ni, wallahi ba ji na yi a bakin wani ba. Shekarun da wayar hannu ta shigo, kuɗi na yawo a Abuja, kowane kamfani na son shafin intanet, ina aiki da wani ƙaramin kamfanin motoci a Utako, ina kwana Mararaba gidan kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai shagon yadi a kasuwar Utako. Shi ya riƙe ni tun ina firamare.

Ni na rubuta masu shafin sayar da tikiti da wani yaren kwamfuta da ake kira PHP. Ku gane, kwamfuta ba ta san Litinin ko Talata ba, doguwar lamba ce kawai ta daƙiƙoƙi take ajiyewa, kai za ka ba ta tsari ta mayar da lambar rubutu, rana kaza, ƙarfe kaza. Har sunayen ranaku na Hausa na saka mata, da "na safe" da "na yamma", ina ta jin kaina.

Wata Alhamis Kawu ya ce gobe zai je Zariya ganin jikarsa da aka haifa. Na ce ai ni zan fitar masa da tikiti da hannuna. Tashi: Juma'a, bakwai na safe, daidai. Isowa: Juma'a, tara saura kwata na safe. Kai! Abuja zuwa Zariya? Ko jirgi ne? Na duba na sauran fasinjojin motar, kowa sha ɗaya da rabi, sai nasa da na wata mata. Na buɗe lambar kanta, iri ɗaya ce sak da ta kowa, layin umarnin da ke juya ta ɗaya ne, amma da zarar ta zama rubutu sai ta koma tara saura kwata. Na goge, na sake, haka. Sai na fara zargin wani abu zai samu motar a hanya.

Ogana, mutumin Filato ne, ya leƙo ya ce, "Kai bar shi, injin ne yana hauka."

Ban bari ba. Na je shago na roƙi Kawu kada ya hau motar nan, har da hawaye. Ya yi dariya ya ce, "Ɗan nan, kwamfutar taka ta fara duba ne? Gaibu sai Allah." Amma ya ga yadda na nace, ya ce to, Asabar ya tafi.

Safiyar Juma'a muna shago muna shan koko, yana ta tsokanata wai boka mai allon gilashi. Ya ce bari ya ɗan jingina, ya kwantar da kai jikin bandir ɗin shadda. Na kira shi, shiru. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ɗaga kai na kalli agogon bango, ba sai na faɗa maku ba.

Motar kuwa lafiya lau ta isa Zariya. Sai dai direban ya ce wata mata ta cika a kujerarta kafin su kai Kaduna, an zaci barci take. Na duba, ita ce mai irin tikitin Kawu.

Har yau ban san mene ne wannan ba, na tambayi malamai, na tambayi waɗanda suka fi ni sanin aikin. Na cire layin isowa daga tikitin, ban sake rubuta wa kowa shi ba.

Ni ina ta faman hana shi hawa mota, ban ko ce ya yafe mini ba. Wanda nasa ke raye, ya je yau ya nemi gafararsa, kada ya jira Asabar.